Fulogi na uku: nazarin wata mota mai shan man juye

Motar ta shigo gareji da safe tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Ƙarama ce, mai amfani da fetur, silinda huɗu, lita 1.8, ba ta da tabo (wato turbo, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska), ta ci kilomita 238,000. Mai ita dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin koyarwa, irin mutanen nan da ke adana takardar kowane gyara a cikin ambulan. Muna gama gaisawa ya miƙo mini leda. Fulogi uku ne a ciki, duk baƙi ƙirin, duk daga rami ɗaya aka ciro su cikin wata huɗu.

Ya ce, "Ɗana, an ce mini injin ya ƙare, wai sai an sauke shi an sa sabon ringi, ko a nemo wani. Kafin na yarda na ce bari wani ido ya gani."

Na ce, "Baba, ai ka yi daidai. Zauna mu yi magana tukuna, motar ba gudu za ta yi ba."

Maganar ta ɗauke mu kusan rabin sa'a, kuma a cikinta na samu rabin abin da nake nema. Yana ƙara man juye kusan lita ɗaya duk bayan kilomita 700. Ba ya ganin ɗigon mai a inda take kwana. Idan an sa sabon fulogi takan yi lafiya sati huɗu ko biyar, sai kakkarwar ta dawo, fitilar cek ta kama. Da na tambaye shi hayaƙi, sai ya ce shi bai taɓa gani ba, ƴarsa ce ta gaya masa wata rana da take tsaye a baya cewa idan ya tayar da safe takan fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci, sannan ya ɗauke. Wannan bai ba ni mamaki ba. Direba yana gaba, salansa tana baya, shi ne mutum na ƙarshe da ke ganin hayaƙin motarsa.

Tambayata ta ƙarshe ita ce ko injin ya taɓa yin zafi fiye da kima. Ya ɗan yi shiru, ya buɗe ambulan ɗinsa ya zaro wata takarda. Wata goma sha huɗu da suka wuce robar ruwa ta sama ta fashe masa a hanya, allurar zafi ta kai ja, kuma ya ɗan lallaɓa ya ƙara gaba kafin ya tsaya. Shan man ya fara tsananta ne ƴan watanni bayan nan. Na riƙe wannan a raina.

Abin da fulogin suka nuna

Na haɗa na'urar bincike, ta fito da lamba biyu: P0303, wato silinda ta uku tana fashin ƙuna, da P0420, wato katalis, matatar da ke kan bututun salansa, ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Irin waɗannan lambobi tsarin OBD-II ne, wanda ya zama wajibi ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, kuma amfaninsa shi ne lambar ƙarshe ta P030 tana gaya maka silindar da ke da matsala kai tsaye. Amma iyakarta ke nan. Ta ce maka ta uku ba ta ƙuna, ba ta ce maka me ya hana ta ba.

Na sa yarona ya yanko kwali ya huda rami huɗu, ya rubuta 1, 2, 3, 4. Wannan doka ce a wurina: duk fulogin da ya fito, raminsa zai shiga a kwali. Wanda ya kwance huɗu ya zube su wuri ɗaya ya zubar da shaidar da ta fi kowace daraja, domin bambancin da ke tsakaninsu ne ke magana.

Da muka zaro kwayil na biyu, wato abin da ke zaune a kan fulogi yana tura masa wutar lantarki, robarsa jiƙe take sharkaf da mai. Na haska ramin, mai ya taru har ya rufe inda sifana ke kamawa. Yaron ya ce, "Maigida, ga shi nan, wannan ma ringinsa ya tafi." Na ce ya dakata. Muka tsotse man da ke ramin da sirinji, muka goge da tsumma, sannan muka kwance fulogin. Wannan tsotsewar tana da muhimmanci, don idan ka kwance shi da man a wurin, man zai biyo zaren ya jiƙa bakin, ya kuma gangara cikin silinda, kai kuma ka ɗauka daga ciki ya fito. Da ya fito, farin tangaran ɗinsa na sama duk mai ne, amma bakinsa, wato ɓangaren da ke cikin wuta, a bushe yake, launin toka-toka mai ɗan ruwan ƙasa. Man nan daga waje ya zo. Murfin saman inji, wanda muke kira tofkoba, yana da ƴan zobban roba da ke kewaye kowane ramin fulogi, kuma na biyu ya saki. Wannan yoyo ne kawai. Yana iya lalata robar kwayil ya jawo fashin wuta, amma ba shi ne ke shan lita a kilomita 700 ba.

Na ɗaya da na huɗu suka fito a bushe, sai dai dukansu akwai ɗan ɓawon toka mai kauri a gefen ƙugiyar ƙasa, fari-fari, yana marmashewa idan ka kankare da farce. Irin wannan toka ragowar sinadaran da ake zuba wa man juye ne, kamar kalsiyam, waɗanda ba sa ƙonewa su bi iska. Ma'ana su ma suna ɗan lasar mai, amma zafinsu yana iya ƙone shi.

Na uku kuwa ramin sa a bushe, tangaran ɗin sama fes. Bakinsa ne abin kallo. Baƙi ne mai sheƙi, damshi a jikinsa, tsakanin harshen tsakiya da jikin ƙarfen duk ya cushe da wani abu kamar kwalta. Na shafa a bayan hannuna, ya yi santsi. Na sansana, babu warin fetur mai ƙarfi. Na ajiye shi a rana minti goma, bai bushe ba.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin baƙin fulogi iri-iri ne. Wanda fetur ya yi wa yawa baƙinsa busasshe ne, laushi gare shi kamar kunkunniya, yana gogewa a yatsa. Wanda fetur ya jiƙa don wuta ba ta zuwa, yana wari, kuma yana bushewa da kansa cikin ƴan mintuna. Wanda ruwan lagireto ke shiga masa yakan fito tas kamar an wanke, ya fi ƴan'uwansa haske. Namu ba ya cikin waɗannan. Man juye ne, kuma daga cikin ɗakin ƙuna.

Dalilin da ya sa mai ke kashe fulogi kuwa ba boyayye ba ne. Bakin tangaran yana buƙatar ya kai zafin kusan digiri 450 zuwa 500 a ma'aunin Salsiyos kafin ya riƙa ƙone dattin da ke sauka a kansa. Idan man da ke zuwa ya fi abin da zai iya ƙonewa, baƙin yana taruwa, kuma baƙin nan yana ɗaukar wutar lantarki. Sai wutar da kwayil ya turo, maimakon ta yi tsalle a tsakanin harshe da ƙugiya, ta sulale ta jikin dattin ta sauka ƙasa. Silinda ta daina ƙuna, ta ƙara sanyi, datti ya ƙara taruwa. Shi ya sa sabon fulogi ke yin wata guda sannan ya mutu. Watanni huɗu aka yi ana barin jaki ana dukan taiki.

Duk da haka sai da na musanya kwayil na uku da na ɗaya, na sa sabon fulogi, na tabbatar fashin bai bi kwayil ba. Aikin minti biyar ne, kuma kwayil mai rauni yana iya barin fulogi ya yi datti ko da man da ke zuwa kaɗan ne.

Ta ina man ke shiga

A inji irin wannan, marar tabo, ƙofofi uku ne. Ko dai mai ya hau daga ƙasa ta gefen fistin idan ringi ya gaza share shi, ko ya sauko daga sama ta sandar bawul idan sil (robar da ke wuyan sandar) ya lalace ko gayid (bututun da sandar ke kai da komowa a ciki) ya cinye, ko kuma inji ya shaƙo shi ta hanyar iska daga bututun numfashi. Gaskit ɗin kan inji ma yana iya buɗe hanya tsakanin ramin mai da silinda, amma wannan bai cika faruwa ba. Tsakanin ƙofar farko da ta uku akwai tazarar aiki mai girma: ɗaya sauke inji ce, ɗaya kuwa ƙaramin abu ne da ake zarewa da hannu. Don haka daga mai sauƙin nake farawa.

Kowane inji, komai sabuntarsa, akwai ɗan iskar ƙuna da ke kuɓucewa ta gefen ringi ta gangara inda mai yake. Dole a ba ta mafita, in ba haka ba ta tura mai ta kowane sil. Bawul ɗin PCV ne ke mayar da ita cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, don a sake ƙone ta, yana daidaita yawanta gwargwadon zuƙar inji. Na zaro na motar Baba na girgiza, shiru, alhali irinsa ya kamata ya yi ƙaras-ƙaras. Ya daskare da datti a buɗe. Robar da ke binsa cikinta duk mai, da na buɗe bakin tirotul, ƙofar iskar da totur ke buɗewa, na haska cikin manifol na ga ƙasansa yana sheƙi. Wannan ya bayyana tokar da ke kan na ɗaya da na huɗu.

Sai gwajin matsi. Muka bar injin ya ɗumama, muka cire fulogi duka, muka katse fetur da wuta, yaron ya take totur har ƙasa yana ba da kiyi, ni ina kallon allura, bugu shida ga kowace silinda. Ta ɗaya 178 psi, ta biyu 172, ta uku 170, ta huɗu 176. Abin da ake dubawa a nan ya fi karkata ga tazarar da ke tsakaninsu, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Tamu ba ta kai kashi 5 ba. Na zuba ɗan mai kamar cikin ƙaramin cokali a ta uku na sake gwadawa, ta hau zuwa 177. Da ringin matsi sun cinye, man zai toshe gibin na ɗan lokaci allura ta yi tsalle sosai. Wannan hawa kaɗan ne, irin wanda kowace silinda za ta yi don man ya rage fili.

Na bi da gwajin zubar iska. Ana tsayar da fistin a ƙololuwa lokacin da bawul duk suke rufe, a tura iska ta ramin fulogi, a karanta yawan da ke zuba, sannan a kasa kunne. Iska a bakin zuba mai, ringi ne. A bakin tirotul, bawul ɗin shiga. A salansa, bawul ɗin fita. Kumfa a lagireto, gaskit ko tsagewa. Ganin tarihin zafin da injin ya yi, lagireton na fi zuba wa ido, amma ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Zubar ta tsaya tsakanin kashi 8 da 12, duk ta bakin mai, wanda ga inji mai wannan shekaru abin yabo ne.

Dattijon da ke zaune a benci yana kallonmu ya ce, "To ke nan ringin lafiya lau?"

Na ce, "Biyu daga cikin uku, Baba."

Wannan wuri ne da nake so duk mai karatu ya tsaya. Fistin yana ɗauke da ringi uku. Biyun sama aikinsu riƙe matsi, na ƙasa aikinsa share mai daga bangon silinda ya mayar da shi ta wasu ƴan ramuka da ke jikin fistin. Gwajin matsi da na zubar iska duk na saman suke aunawa. Ringin mai yana iya maƙalewa a raminsa, ramukan mayar da man su toshe da gawayi, injin ya riƙa shan mai kamar rariya, amma matsi ya fito 180 cif. Har ma man da ya yi yawa a bango yana taimaka wa allura ta hau. Saboda haka matsi mai kyau bai wanke ringi ba. Abin da ya tabbatar mini kawai shi ne silinda ba ta cinye ba, kuma babu dalilin gaggawar sauke inji.

Inda na yi gajen haƙuri

Na canja PCV da robarsa, na wanke manifol, na sa sabon gaskit na tofkoba da zobbansa, na sa fulogi huɗu sababbi irin lambar da masu ƙera motar suka rubuta. Na juye mai, na cika shi daidai layin sama na sandar awo, motar tana kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, na rubuta kilomita, na roƙi Baba kada ya ƙara ko ɗigo sai ya dawo, sai fa idan ya kusa layin ƙasa. A yawancin ƙananan motoci tsakanin layukan biyu na sandar awo kusan lita ɗaya ne, don haka sandar kanta mudu ce.

A zuciyata na sa ran PCV ne babban mai laifi, kuma na faɗa masa hakan da ƙarfin gwiwar da ta fi hujjar da nake da ita. Kwalin yana gabana yana nuna mini akasin haka. Man da ke bin manifol yana rarrabuwa ne, ko da wata silinda ta fi wata samu saboda inda robar ta shiga. Ba ya zaɓar guda ɗaya ya jiƙa ta sharkaf ya bar ta kusa da ita a bushe. Kuma hayaƙin safe da ƴarsa ta gani yana nan ban bi shi ba. Na bar shi ya tafi da rabin amsa, kuma hakan ya ci masa sati uku da wani sabon fulogi.

Ya dawo bayan kilomita 600. Mai ya sauka kusan rabin tazarar, wato an samu sauƙi daga lita a 700 zuwa lita a wajen 1,200. Na ɗaya, na biyu da na huɗu fes. Na uku ya fara baƙi, kuma a wannan karon na lura da abin da tsohon datti ya ɓoye: baƙin ya fi yawa a gefe ɗaya na tangaran. Na sa alama a jikin fulogin na mayar da shi na ga inda gefen ke fuskanta. Bawul ɗin shiga yake kallo.

Na roƙe shi ya bar mini motar ta kwana.

Da yamma muka fita da ita. Yaron yana tuƙi, ni ina bin su a wata motar a baya. Da ya hau tudu yana ba ta wuta sosai, salansa ba ta nuna komai ba. Da muka zo gangara mai tsawo ya ɗaga ƙafa ya bar giya na riƙe ta, can ƙasa da ya sake taka totur, sai ga curin hayaƙi shuɗi ya fito, ya ɓace. Muka tsaya muka bar ta a silo, inji na aiki ba a taka totur ba, minti biyar, ya taka, wani curin ya sake fita. Dalilin a bayyane yake. Lokacin da tirotul ke rufe, fistin yana ja amma iska ba ta samun hanya, sai zuƙa ta yi ƙarfi a bayan bawul ɗin shiga. Idan sil ɗin da ke wuyan sandar ya saki, zuƙar nan sai ta tsotso man da ke wanka a saman kan inji. Ringi kuwa ya fi tona kansa lokacin da inji ke ɗauke da kaya ko yana juyi da sauri, hayaƙinsa yana bin totur ne, ba ya zuwa curi ɗaya ya ɗauke. Wannan rabe-raben ba yankan wuƙa ba ne, ringin mai da ya maƙale ma yakan yi hayaƙi a gangara, kuma katalis mai zafi yana haɗiye hayaƙi da yawa kafin ya fito. Amma alamu uku sun riga sun haɗu a wuri ɗaya.

Da asuba, kafin kowa ya taɓa makulli, na cire fulogi na uku na juya injin da hannu har bawul ɗin shiga suka buɗe, na zura siririyar kyamarar leƙe mai madubi a baki. Gani ya kori ji. Bawul biyu ne na shiga a kowace silinda. Ɗaya bayansa busasshen baƙi ne na yau da kullum. Ɗayan kuwa wata siririyar hanya ce ta mai, ruwan zuma, ta gangaro daga sama ta bi sandar, ta taru a gefen faifan, ɗigo yana rataye bai faɗi ba. A kan fistin, daidai ƙarƙashinsa, akwai ɗan tabki kamar faɗin farce. Na juya kyamarar na duba bango: zanen gicciye da ake yi wa silinda tun daga masana'anta yana nan ana ganinsa, babu karce a tsaye. Na kuma duba gefen kan fistin. Idan mai na hawowa daga ƙasa da yawa, yakan wanke gawayin da ke bakin da'irar ya bar ƙarfe yana haske. A nan akwai ɗan siririn wankin a silinda ta biyu da ta uku, ba mai faɗi ba. Na kira yaron na nuna masa allon, don irin wannan hoton ba ya fita daga kan mutum.

Gyaran

Sil ɗin bawul ɗan ƙaramin abu ne, bai kai kan ɗan yatsa ba, roba ce da siririn sifirin a wuyanta. Ba a yi shi don ya hana mai gaba ɗaya ba, yana barin ɗan abin da zai jiƙa sandar kada ta ci gayid. Shekaru da zafi suna busar da shi. Silinda ta biyu da ta uku su ne a tsakiya, kowace tana da maƙwabta ta gefe biyu, don haka ranar da ruwa ya zube su suka fi gasuwa.

Ana iya canja sil ba tare da an ɗaga kan inji ba, amma bakin rijiya ba wurin wasa ba ne. Da zarar ka cire sifirin da ƴan makullan da ke riƙe bawul, babu abin da ke hana shi faɗawa cikin silinda. Wasu suna riƙe shi da iskar kwamfuresa. Ni na fi natsuwa da igiya: a sauke fistin kaɗan, a zura tsaftatacciyar igiyar nailan mai laushi ta ramin fulogi, a bar jelarta a waje, a juya injin da hannu a hankali har fistin ya danne igiyar a ƙarƙashin bawul. Iska tana iya yankewa, tana kuma iya tura fistin ƙasa injin ya juya maka ba shiri. Igiya ba ta yin ko ɗaya. Kafin nan mun sa alama a kan sarƙar taimin da haƙoranta, muka ɗaga kamshaf, muka jera kowane abu a inda ya fito, muka toshe ramukan komawar mai da tsumma don kada makulli ɗaya ya faɗa.

Da muka zo kan sil ɗin bawul ɗin da kyamara ta nuna, filaya tana taɓa shi ya rabe biyu. Ya bushe kamar busasshen ƙashi, leɓensa ya tsage, sifirin ɗin wuyansa ya fita yana yawo a jikin sandar. Na silinda ta biyu da sauran na ta uku duk sun taurare, na gefe kuwa da sauran laushi. Kafin na sa sabo na sassauta igiyar kaɗan na kama kan sandar na girgiza ta gefe da gefe. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa. Idan gayid ya cinye, sandar tana rawa, sabon sil ba zai yi wata shida ba zai buɗe, kuma a nan dole kan inji ya sauka a kai shi wurin masu injin gyara. Tamu rawarta kaɗan ce, daidai da sauran. Muka canja goma sha shida duka, muna lura kada mu haɗa na shiga da na fita, domin a injuna da yawa robarsu ba iri ɗaya ba ce, launinsu ma daban. Kowace sanda sai da muka sa mata ƴar hular leda kafin sil ya wuce, don kada ramin makulli ya yanki leɓensa.

Akwai shawarwari uku da aka ba Baba kafin ya zo, ya kuma tambaye ni ra'ayina a kansu. An ce ya koma mai mai kauri, 20W-50, a injin da aka rubuta masa 5W-30. Zai rage hayaƙi, gaskiya ne, amma da safe yana jinkirin isa saman inji, kuma na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul da matsin mai take aiki ta ƴan ƙananan ramuka. An ce ya sa fulogi mai zafi a ta uku. Ƙarin zafi mataki ɗaya yana iya jan kwanaki ga injin da aka riga aka yanke wa hukunci, amma bakin da ya wuce digiri 800 yana iya kunna fetur kafin lokaci ya huda fistin. Ga kuma tarkon lamba: a wurin NGK da Denso ƙaramar lamba ce mai zafi, a wurin Bosch babba ce, kuma na sha ganin wanda ya juya su. Na uku shi ne ɗan bututun nan da ake ɗaura wa fulogi don a janye shi daga inda mai ke fantsama. Shi ne na fi ƙi. Fulogi zai daina mutuwa, man kuwa yana nan yana ƙonewa, sinadarin fosfaras da zinki da ke cikinsa suna bin salansa suna lulluɓe katalis da na'urar auna iskar oksijin, mai mota kuma ya daina samun gargaɗin da ke sa shi duba sanda.

Bayan gyara

Ya dawo a kilomita 1,000, sannan a 3,000. Hayaƙin safe ya ɗauke, ƴarsa ta tsaya a baya ta tabbatar. A zuwa na biyu mai ya sauka kusan kashi uku cikin huɗu na tazarar sanda, wato wajen lita ɗaya a kilomita 4,000. Na jera fulogin a sabon kwali, na uku ba ka bambanta shi da na huɗu.

Ban ce masa injin ya koma sabo ba. Ragowar man da yake sha, ina kyautata zaton ta ringin mai yake bi, siririn wankin nan da na gani a gefen fistin na biyu da na uku. Takardun ambulan ɗinsa sun nuna akwai shekaru biyu da ya riƙa wuce kilomita 12,000 kafin juye, yawancin tafiyarsa kuma gajera ce wadda inji ba ya gama ɗumama, kuma wannan ne ke tara gawayi a ramin ringi. Lita a kilomita 4,000 ga injin da ya haura 240,000 abu ne da ake zama da shi, littattafan wasu motocin ma suna lamunta da fiye da haka. Muka yi yarjejeniya: juye duk kilomita 5,000 da man da aka rubuta, duba sanda duk sati da safe kafin a tayar, rubuta duk abin da aka ƙara tare da kilomitar ranar. Idan lissafin ya gangaro ƙasa da lita a 1,500, ko wani fulogi ya sake jiƙewa, sai mu zauna maganar ringi da hujja a hannu.

Lambar P0420 kuwa ta dawo bayan mun goge ta, ta kuma sake dawowa. Shekara guda ana ƙona mai, ga ɗanyen fetur daga silindar da ke fashi yana zuwa yana ƙonewa a cikinsa, katalis ya riga ya sha wuya. Na auna matsin salansa ta ramin na'urar oksijin ta gaba, bai toshe ba, motar tana da ƙarfinta. Na ce wa Baba ya ba shi wasu kilomita 2,000 tare da doguwar tafiya ɗaya ko biyu, idan fitilar ta nace sai a canja shi, yanzu da babu man da zai kashe sabon. Ya zaro biro ya rubuta 243,600 a bayan ambulan ɗin, ya ja layi a ƙarƙashi.